Ƙwan zabi: a sa wa kaza ko a zuba a inji?

Da ruwan farko ya sauka zabi suka fara saka cikin ciyayi da gindin ƙaya, tambayar da ake ta yi mini ke nan. Zabuwa dai ba a dogara da ita. A ƙasa take nasa ƙwai, ta kuma ja 'ya'ya cikin raɓa su mutu.

Wajen kuɗi, kaza ta yi zarra. Wadda ta fara kwanci za ka samu, ka zare ƙwanta da dare ka jera mata na zabi kamar goma sha biyu. Sai dai nata kwana 21 ne, na zabi kuwa 26 zuwa 28, wata kan gaji ta tashi. Na taɓa tarar da ƙwai sun yi sanyi ƙalau, uwar tana can tana tonon juji abinta.

Inji yana ɗaukar ƙwai da yawa a lokaci guda, amma yana son zafi tsayayye, wajen digiri 37.5, da danshi, da juyi kullum. A ɗauke wuta dare guda, an yi asara, sai in kana da sola. Bayan ƙyanƙyasa kuma kai ne uwar: ɗumi, tsaki, ruwa, duk a wuyanka. Kaza kuwa ita za ta rungume su, ta yi faɗa da shirwa.

Mai zabi kaɗan a ƙauye, kaza ta ishe shi. Mai kiwon sayarwa da tsayayyiyar wuta, inji ne nasa.