Bitar Kwana Biyar Kan Agajin Gaggawa da Na Halarta a Zariya

Shekarata tara ina aikin jinya a sashen gaggawa na wani asibiti a Zariya, kuma yawancin waɗanda ake shigo mana da su cikin dare haɗari ne ya rutsa da su a hanyar Kaduna zuwa Kano, ko kuma 'yan acaɓa ne daga wajajen Kwangila. Saboda haka da na ji wata cibiya mai zaman kanta za ta gudanar da bita bisa manhajar agajin gaggawa ta matakin farko, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross suka fitar a 2018, sai na biya da kuɗin aljihuna na shiga.

Manhajar ta ƙunshi rauni, wahalar numfashi, raguwar zagayawar jini da gushewar hankali, kuma tsari ɗaya ake bi: a fara da mashigar iska, sai numfashi, sai jini, sai hankali, sannan a yaye tufafi a duba jiki ciki da baya. Na san wannan a takarda tun ina ɗaliba, amma sai da likitar da ke koyar da mu ta kama hannuna a kan mutum-mutumin roba, ta mayar da yatsuna bayan muƙamuƙi, ta ce, "Sista, wanda mota ta buge ba a lanƙwasa masa wuya, muƙamuƙin kaɗai za ki turo gaba," sannan na gane kuskuren da na daɗe ina yi.

Abin da ya fi amfanata shi ne sa'a gudan da masu shiryawa suka ƙara bayan La'asar domin nazarin bincike. A nan aka warware mana binciken CRASH-2 na 2010, wanda aka yi a kan majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna allurar tiranezamik, mai rage zubar jini, tana rage mutuwar masu zubar jini bayan rauni, amma fa a cikin awa uku na farko. Bayan haka tana iya cutarwa. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga jami'an kiyaye haɗurra ita ce ƙarfe nawa abin ya faru. Binciken FEAST na 2011 kuwa ya girgiza ni, domin a Yuganda, Kenya da Tanzaniya an gano cewa ƙarin ruwa ta jijiya da sauri ga yara masu matsanancin zazzaɓi ya ƙara yawan mace-mace. Malamar ta jaddada cewa wannan bai shafi yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba.

Akwai gyara. Mutum-mutumin biyu ne kacal, sai mutum ya yi dogon jira kafin ya taɓa. Sannan komai da Turanci aka yi, alhali da Hausa muke tambayar uwar da ta rikice abin da ɗanta ya sha, kuma babu darasi ko ɗaya kan yadda za a yi wa dangi bayani idan suka cika ƙofa.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba, kuma ina ba ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitocin Giwa, Soba da Sabon Gari shawarar su nemi gurbi idan an sake buɗewa, su tambayi adadin mutum-mutumin kafin su biya.