Jek mai almakashi ko doguwar silinda a tirelar juye yashi?

Masu walda sun sha yi mini wannan tambayar.

Dukansu biyu aikinsu ɗaga bodin tirela ne don kaya su zube. Mai almakashi, wato ƙarafan da silinda ke buɗewa kamar almakashi, a ƙarƙashin bodi yake zama. Gajeriyar silinda ɗaya ta ishe shi, kuma yana hana bodin murɗewa idan yashi ya taru gefe guda. Haɗa shi da hannu ne aiki: ramukan fil su ɗan kauce, sai ya riƙa cijewa. A farkon ɗagawa nauyi ya fi danne shi, nan waldar ha'inci take tonuwa.

Doguwar silinda mai shiga cikin juna daga gaba take turawa, ba ta shan wannan wuyar. Sai tsada, da shan man jek mai yawa, da robobin tare man masu yoyo. A karkatacciyar ƙasa tana iya lanƙwashewa.

Gwanin walda mai sauke kaya a gona, inda ƙasa kan karkace, ya haɗa almakashi. Mai doguwar tirela, in aljihu da nauyi, ya sayi silinda.