Garkuwar maganaɗisun duniya: ambaliyar kogi ce ko zaftarewar tsibin gero?

Malam, ka tambaya daga Marwa ko garkuwar maganaɗisu da ta kewaye duniya biyayya kawai take yi wa iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana take hurowa, idan guguwar maganaɗisu ta taso, ko kuwa tana tara ƙarfi ne ta ɓalle da kanta, kamar yadda masu nazarin firaktal suke faɗa. Ra'ayoyin biyu suna da hujja, amma ba abu guda suke kallo ba.

Na farko ya ɗauki garkuwar tamkar kogin Mayo Kaliyawo na Marwa, wanda yake cika idan an yi ruwa a kan duwatsu, ya ƙafe idan ruwan ya ɗauke. Idan rana ta watso gajimaren ƙwayoyi masu caji, kuma maganaɗisunsa ya fuskanci kudu na sa'o'i da dama, ƙarfi yana kwarara ciki, zoben lantarkin da ke zagaye duniya ya yi kauri, ma'aunin Dst, mai auna tsananin guguwar, ya faɗi. Haka ya faru ranar 13 ga Maris 1989, lokacin da lardin Kebek na Kanada ya yi sa'o'i 9 babu wuta, ma'aunin kuma ya gangara har -589 nanotesla (awon ƙarfin maganaɗisu). Awon tashoshi huɗu ake haɗawa a fitar da Dst a birnin Kiyoto na Japan, kuma da gangan aka nisanta su daga layin tsakiyar maganaɗisu, wanda ya ratsa kusa da yankinmu, saboda lantarkin da ke gudana a samansa da rana yana gurɓata awo.

Ra'ayi na biyu ya fi kama da abin da kake gani a kasuwar hatsi. Mai awo yana zuba gero a hankali a kan tsibi, hannunsa bai sauya ba, amma wani lokaci ƙwayoyi uku ne suke gangarowa, wani lokaci gefen tsibin gaba ɗaya ya zaftare, kuma ba za ka iya nuna ƙwayar da za ta jawo babbar zaftarewar ba. A 1987 Per Bak da abokan aikinsa biyu suka bayyana yadda irin wannan tsari yake kai kansa gaɓar ɓallewa ba tare da wani ya saita shi ba. Alamarsa ita ce babu girman da za a kira na al'ada: ƙananan ɓallewa suna da yawa, manya kaɗan ne, kuma duk ninkin girma yana rage yawan aukuwa da kaso iri ɗaya, daga ƙarami har babba. Wannan maimaituwar siffa a kowane mataki shi ake nufi da firaktal. A 2002 Vadim Uritsky da tawagarsa suka sami wannan ƙa'ida a hotunan hasken sararin arewa, wanda ƙwayoyi masu caji daga garkuwar suke haifarwa, da tauraron ɗan'adam na Polar ya ɗauka, a faɗin tabon haske, da daɗewarsa, da ƙarfinsa.

Sai dai tun a 2000 Mervyn Freeman da abokansa suka nuna cewa iskar ranar ma tana ɗauke da irin wannan siffa, don haka mai yiwuwa garkuwar gadon wani ɓangare ta yi daga waje. Wannan ƙorafi yana da nauyi a wurina. Ina ganin tsibin gero ya fi dacewa da wutsiyar garkuwar ta ɓangaren dare, inda ƙananan fashewa suke aukuwa cikin mintuna zuwa 'yan sa'o'i, babbar guguwa ta kwanaki kuwa ba ta zuwa sai rana ta turo ta.

Inda ra'ayoyin biyu suka haɗu shi ne ma'aunin Hurst, mai nuna ko sauyi yana ɗorewa ko yana juyawa, wanda Harold Hurst ya samo daga nazarin cikar kogin Nilu. Idan ya gaza 0.5, hawa yakan jawo sauka. Idan ya haura, abin da ya fara yakan ɗore. A 2006 Georgios Balasis da abokansa suka duba Dst na shekarar 2001, suka ga yana ƙetarawa daga halin farko zuwa na biyu a kewayen manyan guguwa. Wannan yana nuna sauyin hali, amma ba ya faɗin rana ko sa'a. Gargaɗin ƙarshe har yanzu yana fitowa ne daga taurarin ɗan'adam da ke tsaye kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, kuma ratar da suke bayarwa ba ta cika wuce sa'a guda ba.