Na yi kwas ɗin bazara kan dokar haƙƙin ɗan Adam ta duniya, ga ra'ayina

Masu tambayata ko kwas ɗin nan ya cancanci wahalar da ake sha ko kuwa satifiket kawai ake zuwa karɓa, amsata ita ce ya cancanta, amma fa sai in ka san abin da ya kai ka. Makonni kaɗan ne, lakca tun safe har yamma, da dare kuma ga tulin hukunce-hukuncen kotu da za ka karanta kafin gari ya waye, wanda ya zo da niyyar hutu tun makon farko zai raina kansa.

Tarihi dai an bi ta kansa da sauri, kuma hakan ya yi min daidai. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 mai sassa 30, sai manyan yarjejeniyoyi biyu na 1966 da ba su fara aiki ba sai 1976, ɗaya kan 'yancin jama'a da siyasa, ɗaya kan tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Wannan ko a intanet ka samu.

Inda kwas ɗin ya biya ni shi ne wajen koyon ƙofar da ake bugawa idan an zalunci mutum. Akwai wata malama, lauya ce da ta daɗe tana shigar da irin waɗannan ƙararraki, duk wanda ya miƙe da zafi yana cewa ai an take haƙƙin wane, sai ta bar shi ya gama tsaf sannan ta ɗaga yatsu ta fara lissafi: wace ƙasa ce, sa hannu kawai ta yi ko ta tabbatar da yarjejeniyar har ta hau kanta, ta amince ɗaiɗaikun mutane su kai ƙorafinta, shi mai ƙarar ya gama bin kotunan ƙasarsa? In amsa ɗaya ta zama a'a sai ta rufe fayil ɗin a gabanka ta ce na gaba. Wallahi abin da ciwo, amma haka aikin yake. Amurka ma ta sa hannu a yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 amma har yau ba ta tabbatar da ita ba. A ajin malamar ne kuma bambancin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Jeniba ya zauna min, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da aka kafa a 2006 kujerun gwamnatoci ne guda 47, siyasa ce ke tafiyar da ita, shi kuwa kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar 'yancin jama'a ƙwararru ne 18 da ba gwamnatinsu suke wakilta ba. Kotun hukunta manyan laifuka ta Hague kuma mutum take tuhuma ba ƙasa ba, mutane da yawa na haɗa su wuri guda.

Kotun gwaji da muka yi a ƙarshe ita ce ta fi komai. An ba mu labarin ƙirƙira na wani ɗalibi da jami'an tsaro suka ɗauke lokacin dokar ta-ɓaci aka neme shi aka rasa, aka raba mu gida biyu, ni na faɗa ɓangaren gwamnati, abin da raina bai so ba ko kaɗan. Sashe na 4 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ya yarda ƙasa ta jingine wasu haƙƙoƙi in tana cikin halin ta-ɓaci, to amma haƙƙin rayuwa da haramcin azabtarwa da bauta ba a taɓa su ko ana yaƙi. Abokan karawarmu suka kawo shari'ar Velásquez Rodríguez da Honduras ta 1988, inda kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ce ƙasa na da laifi in ta ƙi yin bincike na gaskiya kan ɓacewar mutum, nan muka rasa ta cewa. Tsayawa a ɓangaren gwamnati ya nuna min ramukan da lauyoyinta ke bi su sulale, kuma duk mai son kare wanda aka zalunta dole ya san su.

To sai ƙorafina, kuma da gaske nake. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta cinye kwanaki, tsarin Afirka kuwa yammaci ɗaya aka ba shi, ana ta duba agogo. Alhali yarjejeniyar Afirka ta 1981 tana da abubuwan da sauran ba su da su, ta yi maganar haƙƙin al'umma gaba ɗaya da nauyin da ke kan mutum shi ma, kuma babu sashen jingine haƙƙi saboda ta-ɓaci a cikinta. Ga hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, ga kotun haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha da mutum ba ya iya kai mata ƙara kai tsaye sai ƙasar da yake ƙara ta ba da sanarwar amincewa ta musamman, wasu kamar Ruwanda da Tanzaniya ma sun bayar sun janye. Wannan ai abin a zauna a tattauna ne sosai. Haƙƙin lafiya da ilimi da aikin yi su ma an wuce su kamar ana tsallake kwata. Sannan tambayar da ta fi damuna, in kotu ta yanke hukunci gwamnati ta yi kunnen uwar shegu me ya rage wa mai ƙara, an taɓo ta ne kawai aka ce lokaci ya ƙure.

Ɗalibin lauya, ɗan jarida, ma'aikacin ƙungiyar agaji, duk zai amfane ku. Wanda bai taɓa karatun shari'a ba ma zai iya, sai dai ya karanta yarjejeniyoyin 1966 ɗin nan biyu daga farko har ƙarshe tun kafin ya je, da cikakken hukunci ko guda ɗaya, don a aji ba mai jiran ka. Kuma kafin ka biya ka nemi jadawalin darussan ka duba awa nawa aka ware wa kowane tsarin yanki, da ko akwai kotun gwaji a ciki.