Akwatin kwali mara asid na ajiye littattafan hannu: yadda ya yi da damina da hunturun Zariya

Kayan da nake magana a kai saiti ne da ake shigowa da shi daga waje. A ciki akwai akwatunan kwali masu murfi, da fayil mai kunne huɗu, da farar takarda ta sawa tsakanin warƙoƙi, da ƙullin silika mai shan danshi, sai wani ɗan littafin jagora na Turanci. Na yi aiki da su a kan littattafan wani gidan malamai a cikin birnin Zariya, masu haɗe da rubutun hannu na Larabci da ajami, da ƙananan littattafan NORLA, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, na shekarun 1950, da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwalin ya ci kuɗinsa. Littafin jagorar kuwa sai an karanta shi da lura, don wanda ya rubuta shi bai san gara ba, bai san ƙurar hunturu ba.

Amfanin kwalin yana cikin abin da aka yi shi da shi. Kwalin taliya ko na sabulu da mutane ke zuba littattafai a ciki yana da asid, kuma asid ɗin yana ratsawa ya shiga takarda, ta yi ja, ta riƙa karyewa a gefe. Wannan an cire masa sinadarin itace mai jawo hakan, an kuma sa masa ɗan alli da ke kashe asid, ma'auninsa na pH, wato ma'aunin asid inda sama da 7 ke nufin babu asid, yana wajen 8 zuwa 8.5. Murfinsa yana zama daram, shi ya sa bayan hunturu za ka ga ƙura ta kwanta a samansa amma yatsa bai ɗauko komai daga ciki ba. Ba a haɗa shi da ƙusar ƙarfe ba, naɗe shi ake yi, saboda haka babu maganar tsatsa.

Wanda zai fara aiki yakan ruga ga rubutun hannu mafi tsufa, alhali ba shi ne ya fi kusa da hallaka ba. Ɗaga warƙa ɗaya ta ƙarni na 19 ka haska ta da tocila daga baya, sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata uku a jere. Takardar Italiya ce da fatake suka ƙetaro Sahara da ita, daga tsumma aka yi ta, tana da ƙwari har gobe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 kuwa a kan takardar itace mai arha take, taɓa ta kaɗan sai gefenta ya zube. Idan akwatunan ba su isa ba, jarida da bugun zamanin Turawa su fara shiga, kuma su kaɗai, domin asid ɗinsu yana kama duk abin da ya jingina da su.

Matsalar farko ita ce girma. An yanka akwatunan daidai A4 da fulsikaf, littattafanmu kuwa galibi ba su kai haka ba, kuma warƙoƙinsu a sake suke, ba ɗinki. Ka sa ƙaramin littafi a babban akwati, ka ɗaga shi sau biyu, sai warƙoƙi su zame su cakuɗe, kusurwa ta lanƙwashe. Maganin shi ne kowane littafi ya shiga fayil mai kunne huɗu da aka sake karya masa layi daidai kaurinsa, sannan a cike gurbin da ya rage da guntun kwalin. Kafin a rufe, a duba jerin warƙoƙin ta kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita za ta buɗe shafi na gaba, a sa lamba da fensir mai laushi, 2B, a kusurwar sama. Biro ba ya kusantar wurin. A cire duk robar ɗaure kuɗi da kilif da aka samu. Salatif da ya riga ya kama kuwa a bar shi sai gwani, ɓanɓaro shi yana tafiya da rubutu.

Tadarishi, wato bangon da ake sa warƙoƙin littafi a ciki, da gafaka ba abin yarwa ba ne, su ma tarihin littafin ne. Sai dai fatar da aka jeme da bagaruwa idan ta tsufa takan yi jan gari mai ɓata takarda. A naɗe gafakar daban da takarda marar alli, don mai alli ba ta dace da fata ba, a rubuta mata lambar littafinta.

Inda jagorar ta fi ba ni tsoro shi ne babin miƙar da takarda mai lanƙwasa ta hanyar ba ta ɗan danshi. Tawadar gawayi da ƙaro ruwa ne ke narkar da ita, danshi kaɗan ya isa ta malale ko warƙoƙi su manne da juna. Tawadar da aka haɗa da ƙarfe kuma danshi ƙara mata cin takarda yake yi, har harafi ya fita ya bar huda. Kada a gwada wannan babin a gida. Haka kuma lissafinta duk na ɗaki mai na'urar sanyaya ne dare da rana, da littattafai masu ɗinki da ake jerawa a tsaye. Namu a kwance ake ajiye su, kada a ɗora fiye da akwati uku. Inda ta yi daidai, kuma mutane ba su cika yarda ba, shi ne hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, don safa tana kama gefen takarda ta yage shi.

Kwali ba ya hana laima. Daga Yuli zuwa Satumba danshin ɗakin ƙasa a Zariya yana haura kashi 65 cikin 100, inda hunhuna ke fara tsiro, kuma littafin da aka rufe da danshi a jikinsa ya fi lalacewa a akwati da a fili. Don haka a yi aikin zubawa da rani. A sayi ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, saitin bai zo da shi ba. Silikar da ke ciki ta yi kaɗan, tana ƙoshi da wuri, sai an gasa ta a wuta marar ƙarfi ta bushe kafin ta sake aiki, kuma kada ta taɓa takarda. Gara ma tana cin wannan kwali kamar kowane kwali. Kanta ta ƙarfe ake so, tazarar taƙi guda daga ƙasa, ba ta jingina da bango ba, kuma a leƙa bayanta kowane mako da damina. Littafin da asu ya shiga a ɗaure shi a leda ba iska, ya yi mako a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ya kwana a ledar bayan an fito da shi kafin a kwance. In wuta ba ta tsayawa, wannan dabara ba ta aiki, gara a ware littafin a share shi warƙa-warƙa da burushi mai laushi. Maganin sauro na fesawa tabo yake bari.

Jagorar ba ta ce komai ba kan gane sunan littafi da mawallafinsa, wanda shi ne abin da za a rubuta a bayan akwati. A nan sai a ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe, inda mai kwafi kan sa sunansa, a kai sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, wato NHRS, ko Arewa House da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1970, a gwada da jerin littattafan da suka tattara. Hoto da waya ma ya isa, a hasken inuwa, ba filasha, da rula a gefen shafin don a san girmansa.