Sharhi kan darussan murya na tarihin Musulunci da Mongolawa

Darussan da zan yi bayani a kansu na murya ne, ana sayar da su ta Telegram, kuma wani malamin tarihi ne yake gabatar da su da Hausa, yana jefa Larabci inda ya ga bukata. Sun ɗauko tarihin ƙasashen Musulmi na Asiya da Afirka tun daga ɓullar Jankiz Khan a farkon ƙarni na 13 har zuwa zamanin Taimur, mayaƙin sarkin Samarƙandi, a farkon ƙarni na 15. Wanda ya biya kuɗin rajista ana saka shi cikin wani zaure da babu mai ikon rubutu a ciki sai malamin, a nan ake sakin darasi bayan darasi tare da taswira da ɗan taƙaitaccen rubutu, sannan akwai wani zauren daban na tambayoyi. Na saurare su har ƙarshe, wasu ma na maimaita su. Kuɗina ba su tafi a banza ba, amma duk wanda ya shiga saboda an ambaci Afirka a cikin tallan, to zai fita da ƙishirwarsa.

Darussan farko su ne suka fi ƙarfi. Malamin bai fara da zubar da jini ba, ya fara da tambayar yadda aka yi makiyayan da ba su da birane suka rusa daulolin da suka fi su yawan jama'a da dukiya. Ya bayyana taron da aka yi a shekarar 1206 inda aka naɗa Temujin da sunan Jankiz Khan, da yadda ya wargaza tsarin ƙabilanci ya shirya runduna goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, ta yadda biyayyar soja ta koma ga shugaban rukuninsa maimakon danginsa. Ya yi bayanin yadda kowane mahayi yake tafiya da dawakai da yawa yana sauya su, da tsarin zango-zango na manzanni wanda ke kai saƙo nesa cikin ƙanƙanin lokaci. Daga nan ya shiga labarin Utrar, wani gari na daular Khawarizm da ke Asiya ta Tsakiya, na shekarar 1218, lokacin da hakimin garin ya kashe ayarin fataken da suka zo daga wajen Mongolawa, waɗanda yawancinsu ma Musulmi ne, sannan Sarkin Khawarizm, Ala'uddin Muhammad, maimakon ya ba da haƙuri ya miƙa mai laifin, sai ya ƙara da kashe jakadan da aka aiko. Abin da ya biyo baya shi ne faɗuwar Bukhara da Samarƙandi a 1220, sannan Marwa da Naisabur a 1221. A nan malamin ya tsaya ya tunatar da mu cewa waɗannan garuruwa su ne ɗalibin hadisi yake jin sunayensu kullum a cikin nasabar Bukhari da Muslim, kuma wannan tunatarwa ta sa taswirar ta zama mai ma'ana a wurina fiye da yadda jerin shekaru zai sa.

Darasin Bagadaza shi ne wanda na fi yabawa, domin a nan ne akasarin masu ba da wannan labari suke sakin linzami. Malamin ya bi abin daki-daki: yadda Hulaku, jikan Jankiz, ya fara da rushe sansanin Isma'iliyya na Alamut a 1256, da wasiƙun barazana da ya riƙa aika wa Halifa Musta'asim, da yadda halifan ya rage yawan sojojinsa kuma ya kasa yanke shawarar yaƙi ko sulhu har aka kewaye birnin, ya faɗi a watan Fabrairu na 1258. An kashe halifan ta hanyar naɗe shi cikin darduma aka sa dawakai suka tattake shi, saboda al'adar Mongolawa ta ƙin zubar da jinin sarauta a ƙasa. Da ya zo kan adadin waɗanda aka kashe, bai zaɓi lamba mafi girma don ya girgiza mai sauraro ba. Ya nuna cewa marubutan Musulmi sun kawo alƙaluma daga dubu ɗari takwas zuwa sama, alhali shi kansa Hulaku, a wasiƙar da ya aika wa Sarkin Faransa, ya ambaci sama da dubu ɗari biyu, kuma shi mutum ne mai son a ji tsoronsa, ba mai rage adadi ba. Haka kuma maganar da ta shahara cewa kogin Dijla ya koma baƙi saboda tawadar littattafai, ya ce an yi asarar littattafai ba shakka, amma wannan siffantawa a rubuce-rubucen baya ta fi fitowa, kuma makarantar Mustansiriyya ta ci gaba da aiki bayan haka, gininta ma yana nan tsaye har yau. Game da zargin da ake yi wa Waziri Ibn al-Alƙami na haɗa baki da abokan gaba, ya kawo zargin, ya kawo waɗanda suka kare shi, ya kuma faɗi ɓangaren da kowane marubuci ya fito. An ɗan yi ka-ce-na-ce a zauren tambayoyi a kan wannan, wasu suna so ya yanke hukunci, shi kuwa ya tsaya a kan cewa halifancin da ya kasa biyan sojojinsa ba ya bukatar maci amana kafin ya faɗi. Ina ganin ya yi daidai.

Sai yaƙin Ainu Jalut, wani wuri a Falasɗinu inda Mamalik masu mulkin Masar suka ci Mongolawa da yaƙi. A nan ma ya yi abin da ya kamata, wato ya fara da gabatar da Mamalik kafin ya kai su fagen fama. Bayi ne da ake sayowa suna yara daga filayen arewacin Bahar Baƙi, a musuluntar da su, a horar da su hawan doki da harbi, a 'yanta su, su zama hafsoshi. Malamin ya kwatanta su da bayin sarki na fadar Kano, irin su Shamaki da Ɗanrimi, waɗanda bautarsu ba ta hana su iko ba, sai dai na Masar sun wuce nan, domin sun kawar da iyayengijinsu Ayyubawa a 1250 sun hau karagar da kansu. Baibars, wanda ya zama mafi shahararsu, shi kansa rikicin mamayar Mongolawa ne ya jefa shi kasuwar bayi yana yaro. Bayan Hulaku ya ci Halab da Dimashƙa a farkon 1260, sai ya janye da mafi yawan rundunarsa zuwa gabas, saboda rasuwar ɗan'uwansa Babban Khan Mongke a 1259, da kuma ƙarancin makiyaya a Sham ga dawakai masu yawa haka. Ya bar kwamandansa Kitbuka da ragowar dakaru. Sultan Ƙutuz, sarkin Mamalik na Masar, ya kashe jakadun da Hulaku ya aiko masa ya rataye kawunansu a Ƙofar Zuwaila ta Alƙahira, ya samu izinin ratsa yankin Kiristocin Akka, aka gwabza a ranar 3 ga Satumba 1260, daidai da 25 ga Ramadan 658. Malamin bai rage wa nasarar daraja ba, amma ya nuna cewa ba da dukan ƙarfin Mongolawa aka kara ba, kuma bai ɓoye cewa Baibars ya kashe Ƙutuz a hanyar komawa gida ba.

Abin da ban taɓa jin an tsara shi da Hausa haka ba shi ne yadda Mongolawan suka shiga Musulunci. Berke, mai mulkin yankin kogin Volga, ya riga ya musulunta, ya shiga yaƙi da ɗan'uwansa Hulaku a 1262, ya kuma ƙulla zumunci da Baibars, ko da yake malamin ya nuna cewa rikicin makiyayar Azarbaijan yana cikin lamarin, ba kishin addini kaɗai ba. Gazan, sarkin Mongolawan Iran, ya musulunta a 1295, kuma hakan bai hana shi kai hari Sham a 1299 ba, wanda shi ne asalin fatawoyin Ibn Taimiyya a kansu da kuma yaƙin Shaƙhab na 1303. Wanda yake jin ana ambaton waɗannan fatawoyi a wa'azi ba tare da sanin yanayin da aka yi su ba zai amfana ƙwarai da wannan darasi. Indiya da Sin kuwa an ratsa su da sauri: Ala'uddin Khalji ya kare Delhi, Kublai, wani jikan Jankiz, ya kammala cin Sin a 1279, shi ke nan.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Afirka ta zo ne a ƙarshe, a ɗan gurbin da ya rage, kuma kusan dukanta Mansa Musa ne da zinarinsa. Malamin da ya tsaya yana tantance alƙaluman Bagadaza, shi ne kuma ya maimaita zancen da ke yawo a intanet cewa dukiyar Mansa Musa ta kai dala biliyan 400, alhali babu wani ma'auni da za a iya auna hakan da shi. Abin da aka sani ya isa ba sai an yi ƙari ba: ya iso Alƙahira a 1324, ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda ya je gaban Sultan Nasir Muhammad saboda ba ya son ya sumbaci ƙasa, marubuci al-Umari ya samu labari bayan kimanin shekaru goma sha biyu cewa misƙalin zinari ya sauko daga dirhami 25 zuwa 22, kuma a hanyar dawowa daga Makka sai da sarkin ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar Masar.

Abin da ya fi damuna ba gajartar ba ne, rashin haɗa igiyar ne. Darussan sun nuna tarihin Mongolawa da na Afirka kamar labarai biyu da aka liƙa a jaka ɗaya, alhali Alƙahira ta haɗa su. Mamalik ɗin da suka tsayar da Hulaku su ne suka farfaɗo da halifancin Abbasiyya a birninsu a 1261, su ne masu kula da hanyar hajji, kuma sulhunsu da Mongolawan Iran an ƙulla shi ne a 1323, shekara ɗaya kafin isowar Mansa Musa. Rushewar Bagadaza ita ce ta mayar da Alƙahira cibiyar ilimin duniyar Sunna, kuma can ne alhazai da ɗaliban Yammacin Afirka suke yada zango. Mutanen Kanem suna da makarantarsu ta Malikiyya a can, wadda ake kira makarantar Ibn Rashiƙ, tun wajejen shekarun 1240. A 1257, shekara ɗaya kafin faɗuwar Bagadaza, Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis kyautar da ta haɗa da raƙumin dawa, har jama'ar gari suka fito kallo. A wajen 1391 Mai Usman bin Idris na Borno ya rubuta wa Sultan Barƙuƙ yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama Musulmi 'ya'ya, waɗanda ba bayi ba, daga ƙasarsa suna sayarwa a Masar da Sham, kuma wannan wasiƙa tana nan a adane cikin rubuce-rubucen al-Ƙalƙashandi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ambata ba. Ba a kuma ce komai ba game da Nubiya, wadda dakarun Baibars suka shiga a 1276, aka kuma mayar da zauren fadar Dongola masallaci a 1317.

Ibn Baɗuɗa, wanda zai iya ɗinke ɓangarorin biyu cikin sauƙi, an kawo shi a matsayin mai labarai masu ban mamaki kawai. Mutumin nan ya ga Mogadishu da Kilwa, ya zauna da Uzbek Khan, sarkin Mongolawan yankin Volga, ya yi alƙalanci a Delhi, ya zo Mali a 1352 zamanin Mansa Sulaiman, ya biyo ta Takedda da ke cikin Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir da Borno a matsayin wuraren da ake kai tagulla. Darussan da ake yi da Hausa domin Hausawa bai kamata su tsallake wannan wuri ba, balle su manta da zuwan Wangarawa, malamai da fataken Mali, Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda yake cikin ƙarnin da ake magana a kai. Na aika da wannan a zauren tambayoyi, amsar da na samu ita ce, “Malam, gaskiyarka ce, za mu duba shi a zango na gaba in Allah ya yarda.” Amsa ce ta mutunci, amma zango na gaba da kuɗinsa daban.

Ta fuskar aiki, sautin yana fita sarai a mafi yawan darussan, sai dai akwai wasu da ake jin ƙugin janareta a baya, kuma a darasin Shaƙhab sautin ya yanke a tsakiya aka ci gaba ba tare da an maimaita abin da ya ɓace ba. Fayilolin ba su da nauyi, ba sa cin data sosai, kuma ana iya sauke su a saurara ba tare da intanet ba. Taswirorin su ne matsala: an ɗauko su da rubutun Turanci, sunayen garuruwa sun sha bamban da yadda malamin yake furta su da Larabci, kuma rubutun ya yi ƙanana ƙwarai a fuskar waya, sai mutum ya yi ta buɗawa da yatsu yana neman Halab alhali wani suna aka rubuta a wurin. Haka nan yakan faɗi wata shekara da lissafin Hijira, wata da na Miladiyya, ba tare da ya sanar ba, wanda hakan kan rikita mai sauraron da ba ya riƙe da biro. Tambayoyi ana amsa su, amma da jinkiri, kuma a dunƙule cikin saƙon murya guda mai tsawo, ta yadda sai ka saurari amsoshin kowa kafin ka kai ga taka.

Darasin ƙarshe, na ganawar masanin tarihi Ibn Khaldun da Taimur a bayan ganuwar Dimashƙa a 1401, lokacin da Taimur ya kewaye birnin, ya dawo da ingancin na farko. Malamin ya bayyana yadda aka zuro dattijon da igiya daga saman ganuwa, da yadda Taimur ya bukaci ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib dalla-dalla, abin da ya nuna cewa mayaƙin yana da ido a kan Afirka. Ɗalibin Islamiyya ko na jami'a da yake son fahimtar abin da ya faru tsakanin Bukhara da Alƙahira zai ci ribar waɗannan darussa, kuma ina ba shi shawarar ya tanadi littafin rubutu da taswira ta takarda kafin ya fara. Mai neman tarihin Mali, Kanem da ƙasar Hausa kuwa, gara ya jira zango na biyu, ya nemi a nuna masa jerin darussan kafin ya biya.