Kafin ka sayo wa tsohuwar kwamfutarka sabuwar ƙwaƙwalwa

Tsofaffin kwamfutocin gida na shekarun 1980 ba su da yawa a Maradi, amma akwai masu su: wani ɗan'uwansa ne ya zo masa da ita daga Faransa, wani kuma cikin kayan gwanjon Kwatano ko Lome ya tsince ta. Waɗanda Faransawa suka fi amfani da su su ne Amstrad CPC 464 da Thomson MO5, duka na 1984, sai Commodore 64 ta 1982 da Amiga 500 ta 1987. Ranar da ɗaya ta ƙi tashi, ko mai ita ya ga ta cika nawa, shawarar da zai fara cin karo da ita a intanet ita ce ya cire ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ya sa FPGA a gurbinta. Wani lokaci shawarar daidai ce. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi ce.

FPGA guntun lantarki ne da ake iya sake tsara hanyoyin cikinsa. Ana loda masa zanen tsohuwar furosesa, sai ya riƙa aiki tamkar ita ce, ƙafa da ƙafa, bugu da bugu. Wannan ya bambanta da manhajar da ke kwaikwayon furosesa, domin a nan da'irar ce kanta aka sake ginawa.

Amma tukuna, ka tabbata furosesar ce ta mutu? Ba kasafai take mutuwa ba. A Commodore 64 abin da ya fi lalacewa shi ne guntun PLA mai tsara hanyoyin ma'ajiya, da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da kuma tsohuwar adaftarta, wadda idan ta tsufa takan turo wutar da ta wuce bolt 5 ta ƙona duk abin da ta tarar. A Amiga 500 mai ƙarin RAM na A501, batirin da ke ciki ne ke yoyo ya cinye layukan allon da'ira, wato farantin da guntayen ke zaune a kai. Duk mai gyaran rediyo ko waya da ke da mita zai auna maka wutar cikin mintoci. Ka fara da wannan, don kada ka ɗora guntu mai tsada a kan adaftar da za ta kashe shi ran farko.

Idan gyara kawai kake so, guntun asali ya fi sauƙi da arha. Amstrad CPC da ZX Spectrum suna aiki da furosesar Z80. Kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera ta a 2024, amma an yi ta shekaru kusan hamsin, saboda haka har yanzu ana samunta. Nemi samfurin CMOS mai lamba Z84C00, ba ya cin wuta sosai kuma ba ya zafi, abin da ke da daraja a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Mai Thomson MO5, wadda ke da Motorola 6809E, yana iya sa Hitachi 6309E a madadinta. Ita kuwa furosesar 6502, kamfanin WDC na ƙera sabon samfurinta, W65C02S, har yau, sai dai wasu ƙafafunta sun sha bamban da na tsohuwar, kuma ba ta gane ɓoyayyun umarnin da wasu wasanni suka dogara da su. Mai Commodore 64 ya lura: tasa 6510 ce, tana da ƙarin ƙafafun sarrafa ma'ajiya, 6502 ba za ta zauna a wurinta kai tsaye ba. Babbar matsalar wannan hanya ita ce jabu. Ana goge rubutun tsofaffin guntaye a buga musu sabuwar lamba, kai kuma ba ka da hanyar mayar da kaya daga nan.

Inda FPGA ya cancanci kuɗinsa shi ne wajen ƙara gudu, musamman a Amiga. Furosesarta Motorola 68000 ce mai ƙafa 64, tana gudun megahaz 7, kuma a Amiga 500 zaune take cikin soket, ana zare ta ba sai an narka dalma ba. Zaɓi uku ne ke gaban mai ita. Vampire, na ƙungiyar Apollo, FPGA ne zalla mai ɗauke da zanen da suka kira 68080. Yana zuwa da RAM mai yawa da hanyar HDMI, gudunsa ya ninka na asali sau da dama. Aibinsa biyu: tsada, da kuma cewa zanen a rufe yake, su kaɗai ke iya gyara shi. TerribleFire TF536 na Stephen Leary yana amfani da furosesa ta gaske, 68030 mai megahaz 50, da ƙaramin guntu mai tsaruwa irin CPLD da ke haɗa ta da tsohon allo. Na uku shi ne PiStorm na Claude Schwarz: CPLD ne ke riƙe ƙafafun soket, Raspberry Pi, wata ƙaramar kwamfuta mai allo guda, kuma na yin aikin furosesa da manhaja.

Ni a ganina PiStorm ne ya fi dacewa da mu. Ba don ya fi kowa gudu ba, sai don zanensa a buɗe yake, kuma idan Raspberry Pi ɗin ya ƙone za ka iya neman wani a Yamai ko Kano ka maye gurbinsa. Vampire idan ya mutu a hannunka, ba wanda zai taɓa shi daga nan har Katsina. Sai dai PiStorm na da katin ajiya, kuma ɗaukewar wuta ba zato na iya lalata abin da ke kan katin, don haka ka ajiye kwafinsa a wani wuri. Yana kuma jan wuta fiye da 68000, tsohuwar adafta ba lalle ta ɗauka ba.

Ga masu 6502 akwai 65F02 na Jürgen Müller, FPGA ne ƙirar Spartan-6 mai gudun megahaz 100. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ka tambayi kanka me za ka yi da gudun. Yawancin wasannin lokacin an auna su ne da bugun agogon asali, da an ƙara gudu sai su rikice. Duk guntun da ba shi da hanyar komawa gudun asali, bar shi.

Abubuwan da za ka tambayi mai sayarwa kafin ka tura sefarka: shin allon na da guntayen daidaita wuta, tunda tsofaffin injuna bolt 5 suke, FPGA na zamani kuwa bolt 3.3? An gwada shi a kan irin injinka daidai, mai tsarin PAL na Turai? Murfin zai rufu bayan an sa shi? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san ƙurar hunturu. Ka kuma haɗa kuɗin jigila da na duwan cikin lissafi tun farko.

Idan allon kansa ya ruɓe, kada ka wahala da furosesa. Ultimate 64 na Gideon Zweijtzer na maye gurbin allon Commodore 64 gaba ɗaya a cikin tsohon kwandonsa, MiSTer kuma, wanda aka fara a 2017 a kan allon DE10-Nano, yana ɗaukar zanen injuna da yawa a akwati guda. Tsohuwar furosesar da ka zare, naɗe ta a ledar da ke kare lantarki ka adana, domin da ita za ka gwada injin duk ranar da sabon guntu ya ba ka shakka.